Daga Safana zuwa Ibadan da Taswirar Aji Biyar

Tun da na dawo, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya ƙare da tambayar jirgin ƙasa. Malam Tukur kaɗai ya tambaye ni sau uku. Nakan ce lafiya lau, domin a ƙofar masallaci ba a faɗin magana mai tsawo. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in huta da maimaitawa.

Sai na fara faɗin abin da ya fitar da ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Nasiru ɗan yayata ne, Yaya Indo, wadda aure ya kai Ibadan tun ina makarantar horon malamai. Shi ne ɗanta na fari. Yana da shekara shida ta aiko mini da shi riƙo, ya yi shekara ashirin a gidana. A ƙarshen damina, yana dawowa daga Batsari a ƙaramar motar haya, mutanen daji suka tare hanya. Sauran ba zan rubuta ba. Na je wurin, na ga motar. Daga ranar, ko ƙarar rufe ƙofar mota ba na iya jure ji.

Lokacin an rufe layin waya a yankinmu, don haka labari bai fita da wuri ba. Yaya Indo kuma tana da hawan jini. Bayan sadakar bakwai na roƙi dangi kada kowa ya sanar da ita, ni ta ba amana, ni zan je in faɗa mata da bakina. Baffa Mamman, wanda shi ne babba a gidanmu, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kwana goma na ba ka, Lawal. Ranar sha ɗaya zan shiga Katsina in buga mata. Ba a ɓoye wa uwa mutuwar ɗa har ta ji a bakin 'yan goro."

Na ce na ji.

Mota dai ba zan iya ba. Sai na tuna da taswirar da na yi shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji biyar da ita, a Zakka da Runka da nan Safana. Na ciro ta daga ƙasan akwati. Ga layin dogo nan baƙi, mai 'yan haƙora kamar matsefi. Ya ratsa Funtuwa, ya shiga Zariya, ya bi Kaduna da Minna da Ilori, ya sauka Ibadan. Na ɗauki takarda na tsara tafiyata kamar yadda nake tsara darasin mako: rana, gari, masauki. Babur zuwa Funtuwa, daga nan jirgi har ƙofar gidan Yaya. Na ba kaina kwana huɗu.

Ban nuna wa kowa takardar ba. Ku da kuke nan kun san dalili. A garinmu yanzu ba a faɗin inda za a. Mutum zai ɗauki jaka, ka ce ina zuwa, ya ce zan ɗan zaga. Ba ƙiyayya ba ce, ba a dai san bakin da ke kai labari daji ba. Mun saba har ya zama mana jiki.

Malam Tukur ya goya ni a babur ɗinsa zuwa Dutsin-Ma. Daga nan na yi ta canza 'yan acaba har Malumfashi, inda na kwana a zauren wani limami. Da na isa Funtuwa washegari, ƙuguna kamar ba nawa ba. Na ce wa ɗan acaba ya kai ni tashar jirgin ƙasa. Ya waigo ya dube ni, ya ce, "Baba, jirgin ƙasa?" Na ce e. Ya kai ni.

Na tarar da tumaki kwance a kan layin dogo. Wata mata ta shanya barkono a dandamalin da fasinja ke tsayawa. Ciyawa ta kai gwiwa tsakanin ƙarafan. Na tsaya riƙe da jaka. Shekara nawa ina sa 'ya'yan mutane su haddace cewa jirgi yana bi ta Funtuwa, har ina ba wanda ya manta bulala biyu.

Wani dattijo yana zaune a inuwar ginin yana gyaran rediyo. Muka gaisa har ƙarshen gaisuwa. Na ce, "Ƙarfe nawa jirgi ke zuwa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, kai daga wane zamani ka fito? Rabon da in ji kukansa a nan, jikata da ke aji uku ba a haife ta ba. Ina ka nufa?"

Na ce, "Gaba kaɗan."

Ya ce, "Gaba kaɗan ai ba gari ba ne."

Na yi murmushi kawai. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in jirgi nake so in tafi Kaduna, can Rigasa akwai sabo. Na sha tunanin dattijon nan daga baya. Tsohon ma'aikacin jirgi ne, da bakinsa ya faɗa mini. Da na ce masa Ibadan, da ya gaya mini abin da ban sani ba sai bayan kwana uku.

Na kwana Funtuwa. Da safe na samu babbar mota mai ɗaukar masara zuwa Kaduna. Direba ya ce in shiga gaba saboda furfurata. Na ce na fi son sama. Masu lodi suka tura ni kan buhuna, ɗaya yana cewa, "Baba ya ƙi kujera, iska yake so." A sama babu ƙofa, babu gilashi, shi ya sa na iya. Rana ta gasa ni, amma na isa.

A Rigasa na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki. Abin da ya fara ba ni mamaki, mai masaukin ya miƙo mini mabuɗi bai tambayi ko ɗan wane ne ni ba, bai kuma ce ya hanya ba. A ɗakin na shimfiɗa taswira na sake lissafi. Na ce a raina, tunda tsohon layi ya mutu a Funtuwa, to ya mutu ko'ina. Saura sabo. Na sha ji a rediyo cewa akwai sabon jirgi daga Kaduna zuwa Abuja, akwai kuma sabo a Ibadan. Sai na ɗauki fensir, na ɗora gefen littafi a matsayin rula, na ja layi daga Kaduna zuwa Abuja, na ja wani daga Abuja zuwa Ibadan. Ya fita sambal. Har na ji daɗin kaina.

Washegari na je tasha da kuɗina a hannu, aka ce mini kujeru sun ƙare, kuma yawancin mutane a waya suke sayen tikiti tun daga gida. Ni wayata 'yar ƙarama ce mai maɓalli, wata biyu ma ba ta yi ƙara ba. Aka nuna mini shagon wani mutum mai ƙiba da ke saya wa irina. Ya karɓi katin shaidata, ya yi ta latse-latse.

Ya ce, "Abuja za ka tsaya, Alhaji, ko wucewa za ka yi?"

Na ce, "Abuja dai."

Na samu na gobe. Kwana na huɗu ya tafi a zaune.

Yanzu ga jirgin da kuke tambaya. Kafin ka shiga sai an sa jakarka a cikin wani akwatin ƙarfe da ke ganin abin da ke ciki ba tare da an buɗe ba. Ƙuli-ƙulin da Binta matata ta ɗaure mini ma sai da suka gani. Ciki kuwa sanyi kamar ɗakin ajiye magani a asibiti. Da na sa ƙafa na yi sallama da ƙarfi, yadda ake yi in an shiga taro. Mutum ya fi saba'in a taragon. Murya ɗaya ce ta amsa.

Na zauna a kujerar da na ga babu kowa. Wani mai kwat ya zo ya tsaya a kaina, ya nuna mini lamba a takardarsa, ya nuna lamba a bango. Bai ce mini sannu ba, bai kuma zage ni ba. Ya jira kawai na tashi. Kowace kujera da mai ita, kamar kabari.

Tawa kujerar tana kusa da mai muryar da ta amsa sallama. Mace ce babba, ta kusa sa'ata, da ɗaurin ɗankwali irin na Yarbawa, ga ƙullin atamfa a kan cinyarta. Sunanta Alhaja Risika. A Sabon Garin Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu.

Jirgi ya tashi ban ji tashinsa ba. Babu mai tallan rake a taga, tagar ma ba ta buɗuwa. Kowa ya sunkuya kan waya, wasu sun toshe kunne. Na kwance ƙuli-ƙuli na miƙa wa mutumin da ke ɗaya gefen, ya dube ni kamar na miƙa masa kunama. Alhaja ta ɗebi nata ba tare da na yi tayi sau biyu ba.

Ta ce, "Wannan na Katsina ne. Na Zariya bai kai shi gishiri ba. Malam, ina aka nufa?"

Na ce, "Nan gaba."

Ta ce, "Kowa a jirgin nan gaba ya nufa. Ko ka ga mai komawa baya?"

Na ce, "Ziyara ce."

Ta ce, "To, Allah ya sa waɗanda za ka ziyarta sun san da zuwanka, tunda mu ba mu isa mu sani ba." Ta ci gaba da taunar ƙuli-ƙulina.

Gaskiya jirgin ya yi mini daɗi, kuma na ji kunyar daɗin. Awa biyu da wani abu ban riƙe numfashi ba. Ban kalli daji ina neman motsi ba. Na manta rabon da in yi tafiya haka.

A tashar ƙarshe, wadda ake kira Idu, kowa ya sauka. Na sami wani ma'aikaci mai kaki, na tattaro Turancina na aji, na tambaye shi inda ake shiga jirgin Ibadan. Ya sa na maimaita. Sannan ya amsa mini da Hausa, cikin ladabi, ya ce, "Baba, babu jirgin Ibadan a nan. Wannan Kaduna kawai yake komawa."

Na ce, "Sabon fa? Na Ibadan?"

Ya ce, "Wancan tsakanin Ibadan da Ikko yake. Ba su haɗu da wannan ba."

Na ce, "Ba su haɗu ba?"

Ya ce, "Ko kusa."

Ban san lokacin da na zauna a kan jakata ba. Mutane suna wucewa ta gefena suna ja da akwatuna masu taya. Na ciro taswirar ina kallon layin fensir ɗina. Ni na ja shi da hannuna, ba wanda ya ruɗe ni.

Sai na ji an ce, "Malam Nan-gaba, an iso gaban?"

Alhaja ce. Ta karɓi taswirar, ta nisanta ta da idonta, ta bi layin da yatsa. Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskata ta fasa. Ta ajiye ƙullinta ta zauna a kai.

Ta ce, "Wa ya rasu?"

Ban yi niyya ba, amma na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa tun da na bar Safana. Ta yi salati, ta yi wa Nasiru addu'a. Sannan ta tafa hannu ta ce, "Amma Malam, kai da karatunka! Tsohon jirgin Kano yana nan da ransa, sau ɗaya a mako yake bi ta Kaduna ya sauka har Ibadan. Jiya ya wuce. Jiya kana ina?"

Na ce, "Kaduna."

Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Da ka buɗe baki ka tambayi ko mai sayar da ruwa!"

Na ce, "A garinmu ba a faɗin inda za a."

Ta miƙo mini taswirar. Can ta ce, "Allah ya kawo muku sauƙi. Amma nan ba garinku ba ne."

Na ƙirga da yatsu. Ranar ta biyar ke nan. In na koma Kaduna na jira tsohon jirgi, ranar da zan shige shi ita ce ranar da Baffa Mamman zai shiga Katsina. Yaya za ta ji a waya, tana tsaye ko tana bakin murhu, babu kowa nata a kusa.

Alhaja ta ce ita ma Ibadan ta nufa, gobe da safe, a bas. Na ce mata ba na iya shiga mota. Ta ce, "Ka iya. Ba ka dai so. Ni ma da ni ce ba zan so ba."

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan ƙanenta. Da ya fito, mutum mai furfura a gemu, sai ya kwanta rub da ciki a ƙasa gabanta. Na ja da baya, na zaci faɗuwa ya yi. Ashe gaisuwa ce. Aka kawo mini tuwon garin doya, baƙi kamar an tuƙa shi da toka, da miya mai yauƙi irin karkashi. Loma ɗaya na yi, barkono ya kama ni har kunne. Maigidan ya ce ai saboda baƙo aka rage yajin.

Da safe a tasha na tsaya a bakin bas, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Kwandasta yana ta faɗa da Yarbanci. Alhaja ta juya ta wanke shi da magana, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga ya sunkuyar da kai ya ba ni kujerar bakin ƙofa. Da aka ja ƙofar ta rufu, gumi ya karyo mini.

Ta miƙo mini ɓarin goro. Ta ce, "Yaron nan, me ya fi so a abinci?"

Na ce, "Ɗanwake."

"Da mai ko da manja?"

Haka ta yi ta ja na da tambaya. Wace sana'a yake yi, wa ya koya masa gyaran famfo, ya taɓa yin rashin ji. Na ba ta labarin ranar da ya saka akuyar hedimasta a aji. Kafin mu haye babbar gadar kogin Kwara a wajen Lakwaja, na faɗi sunansa fiye da yadda na faɗa tun ranar jana'iza. Tsoron bai tafi ba, amma ya ragu. A hanya wani ya miƙe ya yi wa'azin Kirista, ya zauna, wani ya miƙe yana tallan maganin basir, kuma duk mutane ɗaya ne suka amsa musu. Duk shingen da aka tsayar da mu sai gabana ya faɗi, sai in ga kaki ne, sannan in saki numfashi.

Mun shiga Ibadan gab da magariba. Ban so in kai irin wannan labari da duhu ba, sai na kwana a gidan dangin Alhaja. Da gari ya waye na ga an kafa rumfuna har kan titi, ana ta girki a manyan tukwane, makaɗa suna gwada ganguna, mata duk sun sa atamfa iri ɗaya da wadda ta riƙo. Na ce mata, "Ashe biki kika zo. Wa ke aure?"

Ta ce, "Gwaggona ce ta rasu. Yau kwana arba'in."

Na dube ta, na dubi makaɗan. Na ce, "Mutuwa? Da ganga?"

Ta ce, "Ta haura casa'in, ta ga jikokin jikokinta, kuma duk 'ya'yanta suna raye suka binne ta. Wannan ai ta ci riba. An yi addu'a da safe, yanzu sai murna." Ta gyara ɗankwali, murya ta sauka. "Irin naka ba ma kiɗa. In yaro ya riga iyayensa, ko kabarin ba a bari su je."

Na ce, "Mu muna zuwa."

Ta sa aka kira mini ɗan acaba, ta faɗa masa Sabo, unguwar Hausawa. Na yi mata godiya, ta ce in bar godiya in riƙe bakin tambaya. A dawowa na bi maganarta, na tambaya, na hau tsohon jirgin har Zariya.

Na sami gidan Yaya da hantsi. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na yi sallama. Ta ɗago, ta daɗe tana dubana, sannan ta ajiye farantin a hankali, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa.

Muka shiga gaisuwa. Ta tambayi Binta. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta tambayi Baffa Mamman da ciwon ƙafarsa, ta tambayi damina, ta tambayi zaman gari. Nasiru ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Ko a waya sai ta gama da kowa, sannan ta ce, ya yaron naka. Ranar ta gama da kowa, ba ta ce ba.

Ta ce, "Sha ruwan."

Na sha.

Ta ce, "Lawali, shekara talatin ba ka san hanyar gidan nan ba. Faɗa mini."

Na ce, "Yaya, amanar da kika ba ni, Mai ita ya karɓa."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku, tana kallon tabarma. Na gaya mata rana da wuri da yadda abin ya faru, a taƙaice. Ba ta katse ni ba.

Ta ce, "An same shi?"

Na ce, "An same shi."

"An yi masa sutura?"

"An yi. Mutane sun taru."

"Wa ya sa shi?"

"Ni, da hannuna. Kusa da Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Kwana bakwai ina hanya ina shirya kalmomin da zan ba ta haƙuri da su. Kafin in fara, sai ta gyara mayafinta, ta sauko daga kujera, ta durƙusa a gabana, ita da ta goya ni ina jariri.

Ta ce, "Lawali, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ɗanka."

Ban shirya wa wannan ba.

Ta ce, "Ya haƙuri?"

Ba ta tashi ba, tana jira, don gaisuwa ce kuma sai an amsa. A ta uku na ce, "Da godiya, Yaya."

Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta ja ƙofa. Ban bi ta ba.